Man Darbejiya a Kan Ɗinkin Yaya

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata Hajiya ta sa farce ta ɗaga gefen bandejin da asibiti suka manna a marar Yayata. Na san lokacin daidai saboda na duba agogo. Ina tsaye a ƙofar banɗaki da tawul a hannu, tururin ruwan darbejiya yana shigar mini ido, kuma iyakar abin da na yi ke nan. Na duba agogo, da aka gama na shiga ɗaki na rubuta a littafina.

Kwana huɗu ke nan da aka yi wa Yaya tiyata aka ciro ɗanta na fari. A gidanta nake zaune, a hawa na sha ɗaya na wani dogon bene a Pantai Dalam. Mijinta yana karatun digiri na uku, ni ina na biyu a jami'ar da ke kusa da unguwar. Innarmu ta so zuwa daga Kano, takardar shiga ƙasa ta ƙi fitowa. Duk wadda ta haihu a garin nan ba uwa a kusa, Hajiya ce uwarta. Mijinta ya daɗe yana koyarwa a wajen Jalan Semarak, ta fi kowace Bahaushiya da na sani daɗewa a Kuala Lumpur, kuma da wuya ka ga ɗan da aka haifa mana a nan wanda ba ita ta dama wa uwarsa kunun kanwa ba. Idan ta shigo ɗaki mata miƙewa suke yi su ba ta kujera.

Ni kuwa Farfesa take ce mini, kuma ba don yabo ba.

Abin da nake karanta shi ne itatuwan da masu maganin gargajiyar Indiya, wanda suke kira Ayurbeda, suke wanke rauni da su don kada ya ruɓe: darbejiya, kurkum, zuma, da wasu 'ya'yan itace uku da ake dafawa tare. Aikina a ɗakin gwaji ba shi da wani abin mamaki. In shuka ƙwayoyin cutar da ke lalata rauni a kan faranti, in ɗiga ruwan ganye a ɗan guntun takarda in ɗora a tsakiya, washegari in auna da rula faɗin da'irar da ƙwayoyin suka kasa shiga. Malamata takan maimaita mana cewa abin da ya yi aiki a faranti bai zama ya yi a jikin mutum ba, tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Ba na magana a taro, amma wata rana a wajen cin abinci Hajiya ta tambaye ni me nake tonowa a makaranta, bakina ya buɗe har na ciro waya na nuna mata hoton da'irar.

"Au, darbejiyar tamu?" in ji ta. "Wato jirgi kika hawo tun daga Kano don Ba'indiye ya gaya miki darbejiya magani ce. Da kin tambaye ni na rage miki hanya, Farfesa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, kaina a ƙasa.

A nan darbejiya ba ta tsaye a ƙofar kowane gida kamar a Kano. Bishiyar da Hajiya ta saba tsinka an sare ta ana gini, don haka saura mako guda haihuwa ta ce in raka ta inda nake samo nawa ganyen. Muka hau jirgin ƙasa muka sauka a Masjid Jamek, muka ratsa masu yadi da masu mayafi na Jalan Masjid India, muka shiga lungun da wata tsohuwa Ba'indiya take da ɗan kedai, kanti ne da bai fi ɗakin girki ba, cike da saiwoyi da kwalabe. Ta ɗaure mana ganye dami biyu. Sai idon Hajiya ya faɗa kan wata kwalba mai hoton ganyen darbejiya, man shafawa a rauni. Tsohuwar ta tambayi wa za a shafa wa. Na ce mai jego ce, kuma likita ya riga ya ce sai an yi tiyata domin ɗan a gicciye yake kwance. Ta ajiye kwalbar a kan teburi, ta dube ni, ta yi magana da Turanci da sauri.

"Ba a kan ɗinkin asibiti ba. Sam. Sai ya haɗe, likitanta ya gani ya yarda. Faɗa wa mamarki."

Turancin Hajiya na gaisuwa ne, Malayancinta na ciniki. Ta juyo.

"Me take cewa, Farfesa?"

A gidanmu ba a koya mana ce wa babba "kada ki" ba. Na nemi yadda zan faɗa wa matar da ta wanke masu jegon da ba su ƙirguwa cewa kada ta yi wani abu, ban samu ba.

"Ta ce wai a ɗan bi a hankali," na ce.

"Boleh, boleh," in ji Hajiya da Malayanci, wato ba matsala, ta jefa kwalbar a jaka.

Wannan ban rubuta shi a littafin ba.

Ran Talatar nan, man ba a kwalbarsa ya zo ba. Hajiya ta juye shi a cikin wata tsohuwar kwalbarta mai faɗin baki, ta haɗa da ragowar man kaɗanyar da take yawo da shi gida gida, take shafa wa cibiyar jarirai da ƙirjin iyayensu. Takardar da asibiti suka ba mu tana manne a jikin firji: kada ruwa ya taɓa ɗinkin, kada a cire bandeji sai ranar komawa. Yaya ta ambata, murya ƙasa ƙasa.

"Asibiti sun gama nasu, yanzu namu ne," in ji Hajiya. "Su sun san yanka, mun san warkewa. Ga ma mai ilimin a tsaye, ita ta kai ni wurin maganin. Ko ba haka ba, Farfesa?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ta tsoma yatsu biyu masu jan lalle a kwalbar, ta bi layin ɗinkin daga wannan gefe zuwa wancan, ta mayar da yatsun cikin kwalbar ta sake lakato.

Littafina yana da sauran. Laraba, gefen hagu ya yi ja. Alhamis, jan ya faɗaɗa, wurin ya yi zafi. Juma'a ranar suna ce. Yaya ta sha kwalliya ta zauna a tsakiyar mata tun hantsi har la'asar, tana murmushi, tana kau da kai duk lokacin da aka miƙo mata jaririn, kamar yadda ake so mai ɗan fari ta yi. Da na kai mata ruwa hannunta ya taɓa nawa, zafi kamar murfin tukunya. Na ce Yaya jikinki. Ta ce in yi shiru, baƙi suna kallo, mai ɗan fari ba ta raki. Asabar bayan azahar ta tashi za ta yi alwala ta zube a ƙofar ɗaki, zanenta ya jiƙe da wani ruwa mai wari.

Aka koma da ita asibiti, sai da aka sake buɗe ɗinkin aka kwashe mugunya aka yanke naman da ya mutu. Ta yi kusan mako uku a kwance ana mata ƙarin ruwa da allurai, nononta ya ɗauke, ni na koyi haɗa madarar gwangwani. A ranar farko likitar ta fito ta tambayi mene ne wannan rawayan abin da aka shafa a raunin. Muna tsaye a baranda, ni da mijin Yaya da Hajiya. Mijin ya fassara mata tambayar. Hajiya ta gyara mayafi, ba ta dube ni ba.

"Maganin ƙanwarta ne," ta ce. "Na makarantarsu."

Kafin magariba maganar ta zaga wayoyin matan garin. Washegari ta isa Kano. Inna ta kira ni, ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Ashe karatun da aka tura ki ke nan? Ki rasa a kan wa za ki gwada sai 'yar uwarki?"

Mijin Yaya mutum ne mai kawaici, bai ce mini komai ba. Ya dai daina cin abin da na dafa, kullum sai ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe, daga wurin mamak mai gidan abinci na ƙasan bene, ya shigo da ledarsa ya ci a ɗaki. Wata rana na tarar ya kwashe kwalaben zumata da garin kurkum daga ɗakin girki ya zuba a kwandon shara, har wanda muke sa wa miya. Yaya da ta dawo gida ba ta zarge ni ba, ba ta kuma wanke ni ba. Idan na shigo za a canja mata bandeji sai ta ja zane ta rufe.

Ban taɓa sanin ina da irin wannan zuciyar ba. Ni da ko a aji sai an kira sunana sau biyu nake ɗaga kai, na wayi gari ba abin da nake so a duniya kamar in ga Hajiya ta shigo ɗaki ba wadda ta miƙe. Ban yi mata addu'ar sharri ba, domin ba na so wani abu ya same ta daga nesa ba da hannuna ba. So nake ta ji daga bakina, a gaban matan da suka saurari saƙonta, kuma ta rasa abin cewa.

Ta manta kwalbarta a bayan bokitin banɗakinmu. Na sa safar hannu na ɗauke ta, na sa a leda biyu, na rubuta rana da lokaci a jiki. Na gaya wa malamata gaskiyar inda na samo ta, ta dube ni jim kaɗan ta ce in cika takarda in yi aikin yadda ya kamata. Na sayo sabuwar kwalbar man iri ɗaya wadda ba a buɗe ba. Na shuka faranti uku daga ta Hajiya, uku daga sabuwar. Washegari na buɗe akwatin ɗumi. Na sabuwar suna nan fes. Na Hajiya sun cika da ɗigo ɗigo masu ruwan zinariya, wasu sun haɗe sun zama shimfiɗa. Na tsaya ina kallonsu, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na sake gwajin sau biyu don kada a ce kuskure ne. Na san farantin ba zai iya rantsewa cewa waɗannan ƙwayoyin ne suka shiga jikin Yaya ba. Na kuma san matan da zan nuna wa ba za su yi wannan tambayar ba, ni ma ban yi niyyar tuna musu ba.

Shaida ɗaya ta rage. Na koma kantin tsohuwar da littafina, na ce ta gaya mini yadda masu aikinsu suke yi da rauni, daki daki, zan rubuta. Ta ja mini kujera. Ta ce a wurinsu wanki yana gaba da warkarwa, raunin da bai tsarkaka ba ba a neman ya rufe. Mai taɓa rauni sai ya yanke farce ya wanke hannu, ƙyallen da za a ɗaura sai an dafa shi, ɗakin majinyaci a turara shi da ƙaro da busasshen ganye, kamar dai yadda mu ma muke turaren wuta. Ruwan darbejiya na yau ba ya kwana a yi aiki da shi gobe. Ba a tsoma yatsa a kwalba, zubawa ake yi a cokali mai tsabta. Idan kuma zazzaɓi ya shigo, ko jan ya fara tafiya, ita kanta asibiti take tura mutum, ba ta jira. Na rubuta duka, kowane layi ina lissafa wanda Hajiya ta karya.

"Yaya jikin yarinyar?" ta tambaya da na miƙe.

Na ce da sauƙi. Na yi mamakin yadda ta sani.

"Mamarki ta zo," in ji ta. "A kan kujerar nan ta zauna."

Na ɗauka wani man ta koma saya don wata mai jegon, na ƙara wannan ma a littafin, na ja masa layi.

Matanmu suna taruwa ranar Lahadin farko ta kowane wata, a yi karatu kaɗan, a ci abinci da yawa. Wannan karon a gidan Hajiya ne. Na wanke hotunan farantan manya manya. Na rubuta abin da zan faɗa, na haddace, na yi ta maimaita shi a cikin bas har wata 'yar Malay da ke kusa da ni ta matsa. Yaya ta ga ina saka ambulan a jaka.

"Me za ki kai musu?"

"Takardun makaranta ne."

"Ki dai san a gidan wa kike," ta ce, ta juya ga ɗanta.

An idar da la'asar, an shimfiɗa leda an jera waina da miyar taushe da shinkafar kwakwa. Mata sun kai ashirin. A gefen Hajiya akwai wata amarya mai tsohon ciki, ana ta tsokanarta cewa saura ita, ta shirya wa ruwan zafi. Hajiya ta hango ni a lungun da na saba zama.

"Farfesa an fito. Yau ba a auna komai ba?"

"An auna, Hajiya," na ce.

Na rarrafa zuwa tsakiyar leda, na ture farantin waina, na jera hotunan guda shida, uku a sama uku a ƙasa. Haddar ba ta gudu ba. Na ce wannan man kanti ne, ba a buɗe ba. Wannan kuwa daga kwalbar da aka shafa wa Yayata ne, ranar Talata ƙarfe goma da minti ashirin. Na ce ban taɓa ɗauko komai daga makaranta na kawo gida ba. Na karanto abin da tsohuwar ta ce game da farce da yatsa da kwalba. Sannan na ciro kwalbar kanta a cikin ledarta na ajiye. Babu macen da ba ta san ta ba a ɗakin, rabinsu an shafa musu daga cikinta.

Amaryar ta ɗora hannu a cikinta ta ɗan ja baya daga jikin Hajiya. Na ga wannan, kuma shi na zo gani.

"Ke yarinya, a gidanta?" in ji wata daga cikin manyan. "Uwa ce fa. Haka ake yi a wurinku?"

"Bar ta ta gama," in ji Hajiya.

Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya daga hotunan ƙasa, ta nisanta shi daga idonta domin ba ta sa tabarau ba. Ta daɗe tana kallo. A lokacin na lura faratanta a yanke suke har nama, ba lalle.

"Kwalbata ce," ta ce wa ɗakin. "Ni na haɗa, ni na shafa. Ba maganin makaranta ba ne. Wadda ta kai waccan maganar Kano ta kai wannan ma."

Abin da na zo nema ke nan, kuma da ina da hankali da na tattara hotunana na koma lunguna. Amma na yi makonni ina dafa maganar nan, ta fito mini da sauƙin da bai ƙosar da ni ba. Ban ga ta rasa abin cewa ba. Ban ga ta sunkuyar da kai ba. Sai na ɗago na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

"To me ya sa kika ce ni ce, Hajiya? Innata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Me na yi miki?"

Ta ajiye hoton a kan sauran, ta daidaita gefensa da yatsa.

"A asibiti tsoro ne ya sa na faɗa, wannan kuwa zan amsa shi gaban Allah," ta ce. "Amma abin da ya hana ni janyewa daban ne. Na koma wurin matar nan ni kaɗai, ta yi mini bayani da hannu da Malayanci har na gane abin da ta faɗa miki ran nan. Ni ban sani ba, ke kin sani. Na tambaye ki me ta ce, kika ce in bi a hankali. To, a hankali na shafa, Farfesa."